Algaitar Baba a Cikin Shinkafar Ayi

Iskar Guangzhou ta ƙasar Sin ce ta fara yi mini sannu da zuwa. Muna fitowa daga filin jirgi na ji kamar an ɗaga murfin madambaci an kara mini a fuska. Hijabina ya manne a wuya, ga akwatin Baba na rungume a ƙirji, na hana kowa taɓawa, har maigidana, Abban Sadik.

Shi kasuwanci ya kawo shi, kayan waya yake sarowa. Ni kuwa girki ya kawo ni, domin gyambon ciki ya sa shi gaba, kuma duk zuwan da ya yi sai ya koma gida a rame saboda abincin ƙasar. Wannan shi ne dalilin da aka faɗa wa dangi. Ɗaya dalilin yana cikin akwatin.

Mahaifina tsohon ɗan sanda ne, Baba Saje ake ce masa, kuma duk aikinsa a rukunin 'yan badujala ya yi shi. Abin da yake busawa shi ne algaitar nan ta Turawa mai salka: jakar fata ce ake matsewa a hammata, da sanduna uku da ke kwanciya a kafaɗa suna gunji, da wata mai ramuka da ake sarrafawa da yatsu, sai ƙaramar da ake hura iska ta cikinta. Da kukanta na tashi a bariki a Kaduna. Da ya yi ritaya wani tsohon shugabansa ya bar masa tasa ta kansa kyauta. Muka koma Kano, ya zama ladanin masallacin layinmu, algaitar kuma sai ranar Sallah yake fito da ita ya yi wa jikoki. Daga baya ciwon ƙirji ya kama shi, numfashinsa ya gajarta, har ranar da ya kasa kai kiran sallah ƙarshe wani ya karɓa. A shekarar kuma salkar ta tsage saboda tsufa. Tun daga nan Baba ya zama mai zaman zaure, ba hira, ba dariya, abinci ma sai Inna ta yi da gaske.

Da ya ji za mu ƙasar Sin, sai ya sa aka kira ni. Ya ce ya ji babu abin da ba a ƙerawa a can, in samo masa sabuwar salka, a ɗaura ta, a gwada a gabana. Ya ce kiran sallah yana son ƙirji, amma ita wannan numfashi kaɗan take so, salkar ce ke riƙe wa mutum sauran. Sannan ya nuna mini wani farin tsumma da ya lulluɓe sandunan da shi, ya ce:

"Kullum ki jiƙa shi, Uwata. Ƙishirwa ce ke kashe ta. In itacen ya bushe ya tsage, shi ke nan."

Haka na ga yana yi tun ina yarinya, musamman da rani. Na ce in sha Allahu ba zan yi fashi ba.

Mun kama ɗaki a unguwar Dengfeng, a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar, gajera mai furfura, wadda kowa ke kira Ayi, wato goggo da yarensu. Benaye ne a cunkushe, in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabci. A ƙasa akwai masu gyaran waya da gidajen abinci na 'yan Afirka, ka ji Hausar Kano, ka ji ta Zinder an cuɗa da Faransanci, ka ji ta Kumasi. Wannan ya ɗan rage mini kewa, amma da zarar na rufe ƙofa sai 'ya'yana, Sadik da ƙanwarsa, su faɗo mini a rai. A kan sallaya nake yin kukana, kada Abban Sadik ya gani.

Kowace safiya bayan azkar sai in buɗe akwatin, in jiƙa tsumma a famfon baranda, in matse, in mayar. Wata rana Ayi ta hau shanya ta same ni ina yi. Ta leƙa akwatin, ta taɓa tsumman, sai ta hau faɗa da yarensu tana kaɗa hannu. Na ɗauka ɓarnar ruwa take yi wa. Na ce mata "she-she", wato na gode, don ita kaɗai na iya a lokacin. Daga ranar na koma jiƙawa a banɗaki, inda ba za ta gan ni ba.

Idan na gama girki, sai in ɗauki tsohuwar salkar da hoton Baba cikin kayan sarki in bi wata matar ɗan Nijar, mu shiga shagunan kayan kiɗa. A nan na koyi kalma ta biyu: "meyo", babu. Amma mutanen nan ba sa barin ka tafi hannu rabbana. Wani ya ɗauko mini algaitarsu ta gargajiya, mai bakin tagulla, ya busa, wallahi na ɗauka a ƙofar gidan biki nake a Kano. Wata yarinya ta kawo wani ƙaramin duma da aka soka wa karare uku a gindi, muryarsa a sanyaye kamar ta kurciya, tana nuna mini cewa ai ga shi, shi ma yana da ciki mai riƙe iska. Na yi ta girgiza kai. Har jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa na saba da shi, ni da a Kano ko Sabon Gari ba na zuwa ni kaɗai.

A benen da ke samanmu akwai wata Balarabiya 'yar Tunisiya, Ummu Yusuf, mijinta yana sarar tayil. Da Larabcin Islamiyya nake yi mata magana, ita kuma ta yi ta dariya, wai ina magana kamar liman a kan mumbari. Da ta ga hoton Baba sai ta dafe ƙirji. Ta ce su ma suna da irinta, mizwad suke ce mata, amma tasu fatar akuya ce sukutum, har da wurin ƙafafuwa, babu sandunan kafaɗa, sai ƙahon saniya biyu a baki. Ta ce in aka busa ta a unguwarsu ko tsohuwa mai sanda sai ta motsa kafaɗa, kuma mahaifinta ya taɓa korar yayanta daga gida saboda ita. Ta kwaikwayi kukanta ta hanci, idonta ya kawo ruwa. Ashe ba ni kaɗai ke kuka a gidan ba. Ta ce mai gidan abincin Turkawa na bakin titi ma ya taɓa nuna mata hoton tasu, ta mutanen tsauni. Na yi mamaki ƙwarai. Ni duk zatona abin na Turawa da 'yan sanda ne kawai.

Abban Sadik bai so yawon nan ba. Ya ce abokansa sun fara tsokanarsa, wai Alhaji ya zo da maroƙiya. Don a gama da maganar sai ya haɗa ni da wani dillali ɗan garinmu, Ɗanliti, mai zaƙin baki, wanda ya daɗe a ƙasar. Ɗanliti ya juya tsohuwar salkar, ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne a kasuwar fata ta Sanyuanli, inda ake ɗinka jakunkunan da ake kai wa Turai. Ya ce Baba tamkar babansa ne. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya tafi da salkar don a yi awo.

Sai da muka gaji da kiran wayarsa kafin ya aiko da kaya. Na buɗe leda na ga jakar mata. Siffar salka ce, ba shakka, amma ta fatar roba mai sheƙi, an yi mata shafi da yadi mai furanni, an sa zif, har da ɗan aljihu a ciki. Na toshe ramukan na hura, iskar ta fita ta kowane ɗinki. Abban Sadik ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in tafi da ita biki. Da ya dubi fuskata sai ya ɗauko waya. Ya kira Ɗanliti ya tambayi tsohuwar salkar, aka ce mai ɗinki ya farke ta ya zubar. Bayan nan wayar ta daina shiga.

A ranar ne na ce bari in fito da sandunan gaba ɗaya in duba, domin kullum saman tsumman kawai nake ɗagawa. Ina juya su na ga ƙasansu ya yi fari da kore, funfuna ta lulluɓe su kamar tuwon da aka manta a kwano. Wari ya bugi hancina. Kowace sanda gaɓa-gaɓa ce, ana zare ta ana mayarwa, da haka ake daidaita murya. Na murɗa ta farko, ko motsi. Ta biyu haka. Duk sun kumbura sun cije.

Ni da na ga wankina yana kwana da kwanaki bai bushe ba, na ga takalmin Abban Sadik ya yi funfuna a bayan ƙofa, na ga takardun Alƙur'anina sun yi laushi, amma ban taɓa kawo wa raina cewa garin da iskarsa ke ɗigar ruwa ba ya buƙatar jiƙaƙƙen tsumma ba. Baba ya ce in jiƙa, na jiƙa.

Abban Sadik ya ce a samo filaya a murɗe. Na ce ya yi wa Allah ya bari, in ta tsage ban san da wane ido zan kalli Baba ba. Ga lokaci ya ƙure. Shekarar ce ƙasar ta karɓi wasannin Olamfik, an tsananta bincike, 'yan sanda suna tare baƙi a titi suna duba fasfo, kuma an ce mana ba za a ƙara mana wa'adin zama ba. Mutanenmu da yawa sun riga sun tattara. Ran nan da na kira gida, Inna ta ce Baba yana tambaya ko an dace. Na ce ana kan hanya. Ta rage murya ta ce jiya ya sa an wanke masa tsohuwar hularsa ta aiki. Na kashe wayar na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ce ya Allah ka ga niyyata.

Washegarin buɗe wasannin, da hantsi, ina wanke-wanke, sai ga Ayi tana buga ƙofa. Ta kama hannuna da kumfa da komai, ta ja ni zuwa ɗakinta. Talabijin na maimaita bikin, 'yan wasa na wucewa ƙasa bayan ƙasa da tutoci. Ta sa ni na tsaya, tana nuna akwatin talabijin ɗin da yatsa. Can sai aka hasko wasu Turawa sanye da ɗan zane mai gida-gida iya gwiwa, kowa da salka a hammata da sanduna uku a kafaɗa. Kukan ya cika ɗakin. Na ji ni a bariki, ina 'yar firamare, Inna na ɗaure mini ɗankwali, Baba na wucewa a sahun gaba. Ayi ta nuna su, ta nuna saman bene, ta kumbura kumatu. Na gyaɗa kai, sai hawaye.

Na je na ɗauko akwatin na buɗe mata. Ta daɗe tana kallo, ta ɗaga tsumman da yatsa biyu, ta yi irin faɗan da ta yi mini a baranda, kalma bayan kalma. Sai a lokacin na gane abin da take faɗa tun farko. Ta jefa tsumman a bokiti. Ta goge sandunan da busasshen ƙyalle da ɗan ruwan tsami, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Sannan ta buɗe wata babbar randa da take ajiye ɗanyar shinkafa, ta tona, ta binne su ciki, ta jera gawayi a ƙunshe a sama, ta rufe. Na miƙa hannu, ta buge shi. Ta nuna rana ta taga, ta yi alamar faɗuwarta sau da yawa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Kullum sai na sauko na tsaya a bakin randar, ita kuma ta zaunar da ni ta zuba mini shayi ba sukari. Da ta lura ba na cin abincinta, sai ta sayo sabon kwano da sabon cokali, ta nuna mini takardar jikinsu ba a ɓare ba, ta dafa mini shinkafa da ganye zalla. Ni kuma na kai mata miyar kuka. Ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta cinye.

Ummu Yusuf ce ta kawo labarin salka. Mijinta ya haɗu da wani dattijo ɗan Pakistan a masallacin Juma'a, Haji Rashid, mai sayar da kayan fata a wani bene a unguwar Xiaobei, kuma dattijon ya ce a garinsu ana ƙera irin wannan algaita ana aikawa duniya. Shi ma wa'adinsa ya kusa, yana ɗaure kaya. Sai dai ya ce ba zai taɓa ba sai gaɓoɓin sun saki da kansu.

Ranar da Ayi ta yarda aka tono sandunan, ni ta miƙa wa ta farko. Na yi bisimilla na murɗa. Ta yi ɗan ƙara, ta juya. Na zare ta, na duba ciki da waje a hasken taga, babu tsaga. Haka ta biyu, haka sauran. Babbar ce ta ɗan yi gardama, ita ma ta bi. Na faɗi na yi sujada a tsakar ɗakin tsohuwar nan, tsakanin randa da talabijin. Da na ɗago na ga ta juya baya tana gyara labule, don kada ta tsare ni da ido.

Muka tafi da Abban Sadik, wannan karon shi ya ɗauki akwatin. Haji Rashid mai jan gemu ne, ya sha lalle. Ya shafa sandunan ya sumbaci yatsunsa. Da Turanci suka yi magana, ina tsintar abin da zan iya. Ya ce zaren da aka naɗa a gaɓoɓin ne ya sha ruwa ya kumbura, da an sa ƙarfi da itacen ya dare. Ya ce baƙin itacen nan ma daga nahiyarmu ake saro shi, Turawa sassaƙa kawai suka yi. Ya fito da salka biyu daga cikin kayan talla, ya tambayi yanayin garin da za ta zauna. Da aka ce masa Kano, rani ya fi damina tsawo, sai ya mayar da ta tunkiya, ya ce wannan ta ƙasar ruwa ce, a wurinmu za ta bushe ta zama kilishi. Ya zaɓi ta saniya.

Na taɓa Abban Sadik na ce ya tambaya mini, fatar yankakkiya ce? Baba a bakinsa zai sa, kuma da ita a jikinsa wata rana lokacin sallah zai riske shi. Dattijon ya yi murmushi, ya dube ni ya ce:

"'Yata, ƙanena ne ya jeme ta, kuma ya fi ni tsoron Allah."

A gabanmu ya huda ta, ya ɗaura gindin kowace sanda da igiya yana ja da ƙafa, ya sake naɗa zare, ya zuba wani haɗi mai kauri kamar zuma a ciki ya murza. Sauran gwaji. Ya ce in ya busa a benen nan, a irin wannan lokaci, 'yan sanda za su cika wurin kafin ya sauke numfashi.

Ayi ce ta warware. Da Ummu Yusuf ta yi mata bayani da ɗan yaren da ta iya, sai ta ɗauko mukulli ta kai mu rufin gidanta, cikin igiyoyin shanya da tukwanen albasa, ta tsaya a bakin matakala ta riƙe ƙugu, alamar duk mai magana ya zo ya same ta. La'asar ta yi a wurinmu, a gida hantsi ne. Na kira Inna na ce ta kai wa Baba wayar, kada ta ce masa komai.

Haji Rashid ya hura, salkar ta cika, ya buge ta da tafin hannu. Sandunan suka yi gunji, sannan muryar ta tashi a kan rufin Dengfeng. Tattabaru suka watse. Tagogi suka buɗe. Wani daga ƙasa ya ɗaga murya da Hausa yana tambaya ko gwamna ne ya zo. Ni dai na ɗaga wayar sama.

Da ya tsaya na kara a kunne. Shiru, sai numfashin Baba mai ƙugi. Na ce, "Baba, kana ji?"

"Wa ke busawa?"

"Wani bawan Allah ne ɗan Pakistan."

"To ki gaishe shi. Ki ce masa sandar tsakiya ta yi ƙasa, ya ɗan tura ta ciki." Ya yi tari. "Kuma yana sauri."

Abban Sadik ya fassara. Dattijon ya tura sandar, ya saurara, ya ƙame ya sara wa wayar. Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, Baba yana dariya. A cikin dariyar ya tambaya ko ina jiƙa tsumman. Na ce labarin tsumma sai na dawo.

Ranar tafiya na kai wa Ayi turmin atamfa, ta ƙi karɓa sai da Ummu Yusuf ta sa baki. Ta ƙulla mini shinkafa a leda daga randar nan ta cusa a akwatin Baba. Ban san sunanta na gaskiya ba har yau, amma ba na idar da sallah ban roƙa mata shiriya da alheri ba.

Mun iso Kano ana tsakiyar damina. Baba bai bari na huta ba. Ya sa hularsa, ya zauna a kujerar zaure don tsayuwa ta fi ƙarfinsa, jikoki suka kewaye shi. Ya hura kaɗan, ya huta. Ya sake hurawa, ya huta. Na ce a raina ko ba zai iya ba. A hankali salkar ta tashi a hammatarsa, ya matse ta, zauren ya ɗauka. Can sai na ga ya saki bututun hura iskar daga bakinsa yana mayar da numfashi, yatsunsa na tafiya, kukan bai yanke ba. Ya dube ni ta saman sandunan, ya ɗaga gira.

Da ya gama, Inna ta shigo da sabon farin tsumma da kwanon ruwa ta miƙo mini. Na leƙa waje, na ga hadari ya haɗo ta gabas. Na karɓi tsumman na ninke shi a bushe, na ce a bari sai rani.